Zafin Kwamfutar Tafi-da-gidanka Bayan Sabunta Kenel: Dalilai da Hanyoyin Bincike

Gabatarwa

Garin Diggi yana cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi, a ƙasar masarautar Gwandu. Kamar sauran garuruwan wannan yanki, zafin rana a watannin Maris, Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, sa'an nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan cika ko'ina da ƙura. A cikin irin wannan yanayi ne kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda jama'a suka fi kira laftof, ta shiga harkar makaranta. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya. Saboda haka ɗalibin da ke fatan shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, ko wata jami'a daban, tilas ne ya saba da wannan na'ura. Malamai kuwa a cikinta suke ajiye makin ɗalibai da tambayoyin jarrabawa.

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun malamai da ɗalibai na hannu ne, wato an yi amfani da su a wata ƙasa kafin a kawo su kasuwa. Akwai wata matsala da takan same su. Kwamfuta tana aiki lafiya, sai a sabunta manhajarta ta intanet. Bayan an sake kunna ta, fankarta ta dinga ruri, gindinta ya yi zafi, can sai ta mutu farat ɗaya ana tsakiyar aiki. Wanda bai adana abin da yake rubutawa ba ya yi asararsa. Wasu sukan ɗauka na'urar ta lalace ke nan, su sayar da ita da arha, alhali gyaranta bai fi aikin awa ɗaya ba. Wannan darasi zai bayyana inda zafin yake fitowa, da yadda sabuntawa ke ƙara shi, da kuma yadda ake gano ainihin dalili mataki-mataki.

Mene ne Kenel?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda sauran manhajoji ke dogara da ita, kamar Windows ko Linux ko macOS. A tsakiyar wannan babbar manhaja akwai wani sashe da ake kira kenel. Asalin ma'anar kalmar ita ce ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ƙwayar gyaɗa. Kenel shi ne ke hulɗa kai tsaye da sassan injin. Shi ke raba wa manhajoji lokacin aiki a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi. Shi ne kuma, tare da wasu ƙananan manhajoji da ake kira direbobi, ke ba sassan na'ura umarnin su yi sauri, su sassauta, ko su yi barci idan babu aiki.

Kenel ɗin Linux wani ɗalibi ne na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta shi a shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. A yau ana fitar da sabon kenel na Linux kusan kowane mako tara zuwa goma. Sanin Linux ya ƙara muhimmanci ga masu tsofaffin injuna, domin a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Don haka bayanin da ke tafe zai fi karkata ga Linux, amma za a nuna takwaransa a Windows inda ya dace.

Daga Ina Zafin Yake Fitowa?

A cikin firosesa akwai biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira taransista, waɗanda ke buɗewa da rufewa sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Kusan dukkan lantarkin da suka sha yana rikiɗewa ya zama zafi. Firosesa mai shan wat 25 daidai take da ƙaramin murhu mai ba da zafin wat 25, kuma duk wannan zafi yana fitowa ne daga wani ɗan fili da bai fi farcen babban yatsa da yawa ba.

Yawan lantarkin da firosesa ke sha ya dogara da abu biyu: saurin aikinta, wanda ake aunawa da gigahaz, da kuma ƙarfin lantarkin da ake ba ta, wanda ake aunawa da bolt. Shan wuta yana tafiya daidai da sauri, amma yana tafiya da ƙarfin lantarki sau kansa. Alal misali, idan sauri ya tashi daga gigahaz 2 zuwa 3, an ninka shi sau 1.5 ke nan. Idan kuma don a kai wannan sauri sai an ɗaga ƙarfin lantarki daga bolt 1.0 zuwa 1.2, to 1.2 sau 1.2 ya ba da 1.44. Idan aka ninka 1.5 da 1.44 za a sami 2.16. Ke nan an ƙara sauri da rabi kawai, amma zafi ya ninka fiye da sau biyu. Wannan ne ya sa kenel mai aiki daidai yake rage saurin firosesa da zarar aiki ya yi sauƙi, yake kuma sa ta barci a tsakanin ayyuka, ko da na ɗan ƙanƙanin ɓangaren daƙiƙa ne.

Yadda Kwamfuta ke Fitar da Zafi

A saman firosesa akan shafa wani mai mai kauri da ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, don zafi ya wuce da sauƙi zuwa wani farantin jan ƙarfe. Daga farantin akwai bututun jan ƙarfe rufaffe, mai ɗauke da ɗan ruwa kaɗan a ciki. Ruwan yakan zama tururi a gefen da ke da zafi, tururin ya tafi ɗaya gefen ya huce ya koma ruwa, sa'an nan ya dawo. Duk wanda ya san yadda randa ke sanyaya ruwa ya san tushen wannan dabara: ruwa idan zai zama tururi yakan kwashi zafi ya tafi da shi. A ƙarshen bututun akwai jerin siraran faranta masu kama da haƙoran matsefi. Fanka tana jawo iska daga ƙasan kwamfuta, ta hura ta tsakanin waɗannan faranta, iskar ta fita da zafin ta gefe ko ta baya.

Idan wannan tsari ya kasa, akwai matakan kariya guda uku. Na farko, idan zafin firosesa ya kusanci iyakarta, wadda a yawancin injuna take wajen digiri 95 zuwa 105, sai ta rage wa kanta sauri, mai aiki ya ga kwamfuta ta yi nauyi. Na biyu, idan zafi ya kai wani matsayi da kamfanin da ya ƙera na'urar ya ƙayyade, kenel yakan rufe kwamfutar da kansa. Na uku, idan duk wannan bai yi ba, firosesa takan yanke wutar nan take ba tare da jiran umarnin kowace manhaja ba. Ya kamata a fahimci cewa wannan mutuwa ta farat ɗaya dabarar tsira ce da aka gina da gangan, don kada injin ya ƙone.

Lissafin Ƙasar Zafi

Zafi yana gudana ne daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakanin wuraren biyu, gwargwadon saurin gudunsa. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki kawai take amfani da ita. Shi ya sa manyan kamfanoni irin su Apple da HP da Dell sukan rubuta a takardun yawancin laftof ɗinsu cewa iyakar zafin wurin aiki digiri 35 ne. Aji mai rufin kwano a Diggi, da azahar a watan Afrilu, yana iya wuce wannan iyaka.

A ɗauki misali don sauƙin lissafi. A ce wata kwamfuta, duk wat ɗaya da ta sha yana ɗaga zafin firosesarta digiri 2 sama da zafin ɗaki, kuma iyakarta digiri 100 ce. Idan tana shan wat 25, za ta ɗara ɗaki da digiri 50. A ɗaki mai digiri 25 za ta tsaya a 75. A ɗaki mai digiri 42 za ta kai 92, wato tana aiki amma saura ƙiris. To, a ce sabon kenel ya zo da kuskuren da ya sa ta sha wat 30. Yanzu za ta ɗara ɗaki da digiri 60. A ɗaki mai sanyi za ta kai 85, mai ita ya ɗan ji ƙarar fanka kawai. A ɗaki mai digiri 42 kuwa lissafi ya ba da 102, ta haura iyaka ke nan.

Darasin da ke cikin wannan lissafi shi ne, kuskure ɗaya tak yana iya zama ƙaramin abu a Turai amma ya kashe kwamfuta a Kebbi. Idan aka ƙara da ƙurar hunturu da ta toshe faranta, da man da ya bushe saboda tsufa, digiri 2 na kowane wat yana iya zama 2.5 ko fiye. Sau da yawa sabuntawa ba ita kaɗai ba ce mai laifi. Ta tarar da na'ura ce a bakin iyaka, ta ƙarasa tura ta.

Yadda Sabuntawa ke Ƙara Zafi

Kenel yana samun bayanin ma'aunan zafi da hanyoyin tanadin wuta daga wata ƙaramar manhaja da ke manne a jikin injin, wadda ake kira BIOS. Suna fahimtar juna ne ta wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Sai dai bayanin da BIOS ke bayarwa ba kullum yake daidai ba, kuma ɗan canji a yadda kenel ke karanta shi yana iya jawo babban sakamako.

Akwai sanannen misali. A watan Maris na 2011 aka fitar da kenel na Linux mai lamba 2.6.38, wanda Ubuntu 11.04 ta yi amfani da shi. Masu laftof da yawa suka lura batir yana saurin ƙarewa, injin kuma yana ƙara zafi. Bayan gwaje-gwaje, shafin Phoronix ya gano cewa wani canji ne ya sa kenel yake kashe tsarin ASPM, wanda ke barin hanyoyin sadarwar cikin injin su huta idan babu aiki. Kenel ya yi haka ne a duk injin da BIOS ɗinsa ya ce bai dace da tsarin ba, alhali injuna da dama suna iya amfani da shi lafiya. Wani injiniya mai suna Matthew Garrett ya rubuta gyaran, aka shigar da shi cikin kenel 3.3 a shekarar 2012. A duk tsawon wannan lokaci babu abin da ya lalace a jikin waɗannan injuna. Umarnin da ake ba su ne ya canja.

Ban da wannan, akwai wasu hanyoyi huɗu da aka saba gani. Na ɗaya, sabon kenel ya bar firosesa a kan babban sauri ko da babu aiki. Na biyu, direban katin hoto, musamman a injuna masu katin Nvidia, ya kasa dacewa da sabon kenel, katin ya ƙi yin barci ko aikinsa ya koma kan firosesa. Na uku, a wasu injuna direban da ke kula da fanka ya daina aiki yadda ya kamata. Na huɗu, kenel ya karanta ma'aunin zafi ba daidai ba, ya rufe kwamfuta alhali jikinta da sanyi.

Matakan Bincike

Ƙa'idar bincike a nan ita ce ƙa'idar ɗakin gwajin kimiyya: a canja abu ɗaya kawai a lokaci guda, a auna, a rubuta. Wanda ya share ƙura, ya canja kenel, ya kuma sake caja a rana ɗaya, ko matsalar ta tafi ba zai san abin da ya kawar da ita ba.

1. A fara kwafe muhimman takardu zuwa filashi ko wani wuri daban, tun da na'urar tana iya mutuwa a kowane lokaci.

2. A tabbatar zafi ne ke kashe ta. Kwamfutar da batirinta ya mutu takan ɗauke da zarar an ɗauke wuta ko janareta ya yi tangarɗa, kuma wannan ba shi da alaƙa da zafi. A Linux, umarnin journalctl -b -1 yana nuna rahoton kunnawar da ta gabata, inda za a nemi saƙon da ke cewa zafi ya kai matsayin haɗari. Idan firosesa ce ta yanke wuta da kanta, rahoton yakan katse ne kawai ba tare da bayani ba. A Windows, Event Viewer yakan nuna lamba 41 bayan mutuwar ba-zata, sai dai wannan lamba ba ta faɗin dalili.

3. A ba ta lokaci. Bayan babbar sabuntawa, kwamfuta takan yi wasu ayyukan tsare-tsare a ɓoye na 'yan sa'o'i. A bar ta a kunne a wuri mai iska, da sassafe ko da dare. Idan zafin ya sauka ya zauna, babu sauran matsala.

4. A auna zafi. Umarnin sensors a Linux, ko manhaja irin su HWMonitor a Windows, suna nuna zafin firosesa. A rufe dukkan manhajoji, a jira minti goma, a rubuta lambar tare da zafin ɗaki da lokacin da aka auna. Idan babu aiki amma lambar tana wajen digiri 80, akwai matsala. Idan kuma lambar ƙasa take, jikin na'ura da sanyi, amma tana mutuwa, to ana zargin kuskuren karatun ma'auni.

5. A duba mai cin ƙarfin firosesa. Umarnin top a Linux, ko Task Manager a Windows, yana jera manhajoji da kason da kowace ke ci. Wani lokaci manhaja ɗaya ce ta maƙale tana juyi a wuri guda.

6. A saurari fanka, a kuma sa hannu a mafitar iska. Idan fanka tana ruri amma iska ba ta fita sosai, ƙura ce ta toshe hanya. Idan na'ura ta yi zafi amma fanka shiru, ko dai ta lalace ko ba a ba ta umarni. Yawancin injunan HP da Dell da Lenovo suna da gwajin sassa da ake shiga lokacin kunnawa, kafin babbar manhaja ta tashi. Idan fanka ta juya a wannan gwaji, lafiyarta lau.

7. A koma tsohon kenel. Wannan shi ne gwaji mafi yanke hukunci. A rubuta uname -r don sanin lambar kenel mai aiki. Ubuntu takan ajiye kenel ɗin da ya gabata, Fedora kuwa takan ajiye guda uku. Lokacin kunnawa a danna Shift ko Esc don jerin GRUB ya bayyana, a zaɓi tsohon. Sa'an nan a maimaita awon mataki na 4 a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Idan zafi ya sauka sosai, laifin sabon kenel ne. Idan bai canja ba, a koma kan ƙura da mai da fanka. A Windows ana iya cire sabuntawa ta ƙarshe, kuma bayan babbar sabuntawa akan ba da kwana goma na komawa tsohon tsari.

Magani da Gargaɗi

Idan bincike ya nuna kenel ne, a ci gaba da amfani da tsohon na ɗan lokaci, ana gwada kowane sabo da ya fito. Bai dace a daina sabuntawa gaba ɗaya ba, domin ta hanyarta ake toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. A sake girka direban katin hoto, a zaɓi tsarin tanadin wuta wanda ke rage saurin firosesa, a kuma tabbatar manhajar thermald tana aiki a injuna masu firosesar Intel. Makarantu za su fi samun kwanciyar hankali da Ubuntu mai alamar LTS, wadda ake fitarwa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, da tallafin shekara biyar. Inda kwamfutoci suke da yawa, a sabunta guda ɗaya tukuna, a yi kwanaki ana lura da ita kafin a taɓa sauran. Haka kuma yana da kyau a kai rahoton matsalar ga masu kula da manhajar, tare da sunan injin da lambar kenel da zafin ɗaki, domin ba lallai ne masu gwajin su taɓa gwada ta a irin zafin Kebbi ba.

Idan kuwa jikin injin ne, a kai wa mai gyara ya buɗe ya share faranta da fanka, ya sa sabon mai. Ƙarshen hunturu, kafin shigowar bazara, shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan shara. A guji ɗora laftof a kan katifa ko darduma ko matashi, saboda suna toshe mashigar iska. A ɗora ta a kan tebur, a ɗan ɗaga bayanta. Kada a sa ta a firiji ko a ɗora mata ƙanƙara, domin raɓa za ta taru a ciki ta lalata wayoyi. Idan aka ga jikin na'ura ya kumbura, alama ce batir ya kumbura. A daina caji nan take a canja shi, domin irin wannan batir yana iya kama wuta.

Kammalawa

Zafin firosesa jimlar abu uku ne: zafin ɗaki, yawan lantarkin da take sha, da kuma ingancin hanyar fitar da zafi. Yanayi ke da na farko, kenel ke da babban hannu a na biyu, mai na'ura kuma ke da alhakin na uku. A wuri kamar Diggi, inda na farko ya riga ya cinye kaso mai yawa, ƙaramin canji a sauran biyun ya isa ya kai na'ura iyakarta. Ɗalibin da ya iya aunawa, ya canja abu ɗaya, ya sake aunawa, zai iya ceton kwamfutar da wani zai yar.

Tambayoyi da Aikin Aji

1. Bayyana aikin kenel a cikin jimloli uku.
2. Idan saurin firosesa ya ninka sau biyu, ƙarfin lantarki kuma ya tashi daga bolt 1.0 zuwa 1.3, sau nawa shan wutarta zai ninka?
3. Wata kwamfuta tana ɗara ɗaki da digiri 2.5 a kan kowane wat, iyakarta kuma digiri 100. Wat nawa za ta iya sha a ɗaki mai digiri 40? Wat nawa a ɗaki mai digiri 25?
4. Kawo alamomi biyu da ke bambanta mutuwar zafi da mutuwar batir.
5. Aikin rukuni, a ƙarƙashin kulawar malami: a auna zafin firosesar kwamfuta ɗaya da ƙarfe 7 na safe, da ƙarfe 2 na rana, da ƙarfe 6 na yamma, har kwana biyar, tare da zafin ɗaki. A zana jadawali, a cire zafin ɗaki daga zafin firosesa a kowane awo, sa'an nan a tattauna ko tazarar tana canjawa.